Tun Yaushe Aljana Ta Koma Bara a TikTok?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi shirinku na daren Asabar ya ɓata mini rai, har na kashe rediyo tun ba a gama ba. Kusan minti ashirin kuka ba matar nan mai cewa aljana tana hawa kanta a TikTok, mai gabatarwa yana ta ƙyalƙyala dariya, yana tambayar "Doguwa" wai mabiya nawa take son samu kafin Salla. Kuma ta amsa! Da muryar nan tata kamar ta mai mura, tana cewa a danna, a yaɗa, a turo mata fure, wato kyautar kuɗi ta TikTok.

Na taso na ga kakata tana leƙa gidan bori. Ba yabon abin nake ba, amma aljanun wancan zamani ko ba komai suna da kunya. Sai an kaɗa garaya, an ƙona turare, an jigata kafin su hau. Ta yanzu kuwa sai an kunna mata fitilar nan mai kama da zobe, in intanet ta ɗauke ita ma ta sauka. Aljana mai jiran caji!

Ku nishaɗi kuka ɗauke shi. To, ɗan ƙanwata ya ɓace tun Disambar 2023, lokacin da yaƙin Sudan ya shiga garin Wad Madani muka gudo nan Gadarif da abin da hannu ya iya ɗauka. Wata maƙwabciya ce ta nuna wa ƙanwar tawa matar a waya. Dare biyu tana zaune a kan tabarma, ido a kan waya, tana jira a ambaci sunanta. Aka ce sai ta fara turo "goron aljana". Ta cire 'yan kunnen da ta tsira da su ta sayar, ta tura kuɗin. Amsar da ta samu: yaro yana raye, yana gabas, kusa da ruwa. Gabas ina? Kasala ko Port Sudan? Daga baya muka ji mata biyu a layinmu an ba su wannan amsar, ba ragi ba ƙari.

Ban musanta aljanu ba, akwai sura guda da sunansu. Amma a buɗe Suratu Saba'i, aya ta 14. Annabi Sulaiman ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda ba su gane gawa a gabansu ba, su ne za su gano yaro daga bayan waya? Ko wannan tambayar ɗaya ma'aikacinku bai yi mata ba.

Nan da wata guda babu mai tuna ta, kamar yadda aka manta da saurayin bara mai aljanin da ke jin Turanci. 'Yan kunnen dai sun tafi.

Af, kuma ku daina kiran mu "'yan Najeriya mazauna Sudan". Kakan mahaifina bayan yaƙin Burmi na 1903 ya biyo ayarin hijira, a Mai Wurno aka binne shi, a bakin Nilu. Ni ko Kano ban taɓa gani ba.

In kuna da minti ashirin na banza, ku karanta sunayen waɗanda ake cigiya. Na ɗan ƙanwata yana bayan takardar nan.

Mai sauraronku,
daga kasuwar riɗi, Gadarif