Takardar Koke Kan Ɗibar Ruwan Rafin Loyalsock Don Haƙar Iskar Gas

Zuwa ga Kwamishinonin Gundumar Lycoming,
Williamsport, Jihar Pensilbaniya, Amurka.

Masu girma Kwamishinoni,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna kwarin Loyalsock ne. A cikinmu akwai manoma, da masu kamun kifi da ƙugiya, da masu masaukin baƙi, da dattawan da suka tashi a bakin wannan ruwa kuma a nan suke son ƙare rayuwarsu. Mun kawo muku kukanmu ne kan ruwan da masu haƙar iskar gas ke ja daga rafinmu, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rafin kansa ba shi da na bayarwa.

Ba mu zo mu ce a daina haƙar gas ba. Wasunmu sun ba da hayar filayensu ga kamfanoni, 'ya'yan wasunmu suna tuƙa musu motoci, kuma mun san gunduma na samun kasonta daga kuɗin da dokar jiha ta 2012 ta ɗora wa kowace rijiyar gas. Amma fasa dutsen Marcellus, wato shimfiɗar dutsen ƙarƙashin ƙasa da gas ɗin ke ciki, aiki ne mai shan ruwa. Rijiya guda takan cinye galan miliyoyi, a gauraya da yashi da sinadarai a ɗura ƙarƙashin ƙasa da matsi. Mafi yawan ruwan can yake zama. Ɗan abin da ya dawo sama, gishirinsa ya fi na teku, ba mai iya mayar da shi rafi. Manomi in ya yi ban ruwa, wani kaso yakan tsiyaya ya koma. Wannan kuwa in ya tafi, ya tafi ke nan.

An ba wani kamfani izinin jan galan har miliyan 2 a rana daga Loyalsock. In da tankoki masu ɗaukar galan 5,000 za su kwashe shi, sai an yi sawu 400 kullum.

Kifin tirawut, wanda muke kamawa a rafinmu, ba ya jure ɗumi. Da zarar ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Selshiyos, iskar da yake shaƙa a ciki ta ragu, sai ya daina cin abinci ya shiga neman mafaka. Muna roƙon ku zo da kanku wata la'asar a Agusta ku tsaya inda ƙaramar ƙorama mai sanyi ke zubowa cikin babban rafi. Za ku gan su jere a ɗan wurin da bai fi faɗin tabarma ba, kawunansu na fuskantar sanyin, marfin kunnuwansu na buɗewa da rufewa da sauri. Jefa ƙugiya a irin wannan lokaci abin kunya ne a wurinmu, har yara ma sun san haka. Gaskiya ne Loyalsock na ɗumi a Agusta tun kafin zuwan gas, kuma wannan ne ya sa duk abin da aka rage masa ke da nauyi: ruwa marar zurfi ya fi saurin ɗaukar zafin rana.

Sai kuma Oktoba, lokacin da tirawut na daji ke ƙwai. Macen takan share tsakuwa da jelarta har wurin ya yi haske kamar an wanke, ta zuba ƙwai ta rufe. Ƙwan na kwana a nan duk hunturu, yana rayuwa da ruwan da ke ratsa tsakanin tsakuwar. In ruwa ya ja baya, ko laka daga aikin shimfiɗa bututu ta toshe ƙofofin, an rasa haihuwar shekara guda ba tare da kowa ya ga gawa ko ɗaya ba. Irin wannan asara ba ta da hoton da za a kai gaban hukuma, sai bayan shekara biyu ko uku masunci ya lura ƙananan kifi sun ɓace.

Jiharmu ce ta zaɓi tirawut na ƙorama ya zama kifinta na alfahari, kuma Loyalsock ne aka naɗa Kogin Shekara na Pensilbaniya a 2018. Ranar Asabar ta farko a Afrilu, da aka buɗe kamun tirawut, masaukanmu da shagunanmu kan cika tun daga garin Montoursville har gandun shaƙatawa na Worlds End. Abincinmu ke nan, kuma zai ci gaba da zama abincin jikokinmu bayan rijiyoyin gas sun ƙafe.

Mun sani ba ku ke ba da izinin ɗibar ruwa ba. Wannan aikin Hukumar Kwarin Kogin Susquehanna ne, kuma tana gindaya sharaɗin a kashe famfo in ruwa ya sauka ƙasa da wani mizani, kamar yadda ta dakatar da ɗiba a wurare da dama a farin 2012. Mun yaba da hakan. Sai dai sharaɗin yawan ruwa yake dubawa, kifi kuwa zafi ke kashe shi tun kafin ma'aunin yawan ruwa da ke ƙauyen Loyalsockville ya kai inda za a ce a tsaya.

Don haka muke roƙon ku rubuta wa hukumar da sunan gunduma, cewa duk lokacin da za a sabunta izini ko a ba da sabo a kan Loyalsock da ƙoramunsa, a sa sharaɗin zafin ruwa, kuma a hana ɗiba a watannin ƙwai. Kamfanoni na iya tara ruwa a tafkunansu lokacin da ƙanƙara ta narke rafi ya cika, ko su sake amfani da wanda ya dawo daga rijiya. Muna kuma son a riƙa zaman sauraron jama'a a nan cikin gunduma, da yamma, don mai aikin yini ya samu halarta, a kuma riƙa buga adadin galan da aka ja kowace rana inda kowa zai gani.

Sashe na 27 na Babi na 1 na kundin tsarin mulkin jiharmu, wanda aka amince da shi a 1971, ya ba jama'a haƙƙin ruwa mai tsabta, ya kuma ɗora wa gwamnati amanar kiyaye shi har ga waɗanda ba a haifa ba. A kan wannan amana muke neman ku sa kokenmu cikin ajandar zamanku na gaba, ku ba wakilanmu dama su yi magana.

Mu ne naku,
Mazauna kwarin Loyalsock da suka sa hannu.