A Riƙa Tambayar Shekarun Afdet Kafin a Tambayi Girman Kyamara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin masu sayen waya, musamman yanzu da kaka ta yi, an sayar da shinkafa, mutanen Argungu, Jega, Bunza da Suru na shigowa Birnin Kebbi canjin waya. Tambayar mai saye ba ta wuce uku: kyamara nawa ce, ram nawa ne, batir na riƙe caji? Duk suna kan hanya. Amma akwai ta huɗu da ba a yi, alhali ita ke yanke wa waya tsawon kwana: shekara nawa suka rage kamfani ya ci gaba da turo mata sabuwar manhaja, wato abin da ake ce wa afdet a kasuwa?

A ɗauki iPhone XR 'yar Landan, wadda samari ke rububi saboda suna. Ta fito a 2018, kuma iOS 18 ce babbar manhaja ta ƙarshe da ta samu, domin iOS 26 da ta fito a watan Satumba na 2025 daga iPhone 11 ta fara. A ajiye ta gefen Galaxy A16 ta Samsung, wadda ta fito a ƙarshen 2024 da alkawarin afdet na shekara shida. A hoto da santsin aiki XR na iya burge mai kallo, amma ita yammacinta ya yi, ɗayar kuwa hantsi ne. Wanda bai ga hatsarin ba ya tuna da iPhone 6: ta tsaya a iOS 12, kuma a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kanta, ko da babu kwarzane ɗaya a jikinta. Manhajojin banki ma haka suke yi, su ɗaga mafi ƙarancin sigar da suke karɓa, mai tsohuwar waya ya wayi gari ba ya iya tura kuɗi.

Alkawarin ya bambanta ƙwarai, har a cikin gida ɗaya. Galaxy S24 da Pixel 8 shekara bakwai aka yi musu. Galaxy A15 sabuwar Android sau huɗu da gyaran tsaro na shekara biyar. Infinix Note 40 sabuwar Android sau biyu da tsaro na wata 36. Ƙananan wayoyi masu araha kuwa, galibi da Android ɗin da suka zo da ita suke tsufa, sai ɗan gyaran tsaro jefi-jefi. Kuma a kula, lissafin yana farawa ne daga ranar da samfurin ya fito duniya, ba ranar da ka yage ledar kwali ba. Wayar da ta shekara biyu a shago ta riga ta cinye biyu daga rabonta, ko da sabuwa ce fil.

Abin da ya fi rikita jama'a shi ne zaton afdet ƙofa ɗaya gare ta. A Android ƙofa uku ce. Ta farko ta kamfanin da ya ƙera wayar, ita ke kawo sabuwar siga da gyaran tsaro. Ta biyu ta Google ce kai tsaye, tana shigowa a ɓoye ba tare da jiran kamfani ba. Ta uku ita ce ta manhajoji ɗai-ɗai a Play Store.

Ƙofa ta biyu ita ce gatan talaka, kuma ita aka fi jahilta. A 2024 Google ya turo kariyar sata ga wayoyi masu Android 10 zuwa sama, wato har da na 2019 da 2020 waɗanda kamfanoninsu suka daɗe da mantawa da su. Idan an kunna ta, wayar na gane fizgar ɓarawo da gudun da ya biyo baya, a ƙafa ko a kan babur, sai ta kulle fuskarta. Tana kuma kulle kanta idan aka yanke ta daga intanet na wani lokaci, sannan mai ita na iya ara wayar wani ya shiga android.com/lock ya kulle ta da lambar layinsa. A tsofaffin wayoyi sai ka kunna da hannunka: shiga Settings, sai Google, sai All services, sai Theft protection. Sharaɗin shi ne wayar na da makullin sikirin, kamar lambar sirri, kuma ba mai Android Go ba ce, wato sigar Android ta ƙananan wayoyi. A iPhone makamanciyarta ta zo da iOS 17.3 a watan Janairu na 2024, har XR ta samu. Tana ƙarƙashin Face ID & Passcode, kuma tana hana ɓarawon da ya leƙi lambarka canza kalmar sirrin asusunka sai da fuskarka da jinkirin awa ɗaya, idan ba a wurin da ka saba zama yake ba. A ganinmu wannan ya fi duk wata sabuwar kwalliyar fuska da ake ɗoki.

Ta ƙofar kamfani ma tsofaffi na samun rabo. Zana da'ira a kan hoto don a bincika maka shi, wato Circle to Search, da S24 ta fara a Janairun 2024, amma kafin shekarar ta ƙare ta sauka a S23, S22, S21, har da A54 da A34. Sai dai kada talla ta ruɗe ka. Fassarar kira kai tsaye da Samsung ya yi ta yayatawa da harsuna 13 ta fara, babu Hausa a ciki, Larabci ma daga baya aka ƙara. Abin da Bahaushe zai mora yau shi ne Gboard, allon rubutu na Google, wanda ke da haruffan ƙ, ɗ da ɓ, kuma ta ƙofa ta uku yake zuwa, ko waya ta tsufa.

Akwai kuma abin da afdet ba ta bayarwa har abada, domin ba a sauke ƙarfe ta intanet. Wayar da aka ƙera da injin Helio G85 ko G99 ta 4G ce, babu manhajar da za ta mai da ita 5G. Haka NFC, mai ba da damar biyan kuɗi da kara waya, da eSIM, layin da ba ya buƙatar kati. Ƙirƙirarriyar basirar Apple ma daga iPhone 15 Pro ta fara, saboda tana buƙatar ram 8 da sabon inji, don haka mai iPhone 13 zai samu sabuwar iOS amma ban da ita. Batun ram ɗin 8+8 da ake rubutawa a kwali kuwa, takwas ɗin farko ne na gaske. Na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar, wadda ba ta kusa da saurin ram ba, balle a wayoyi masu ma'ajiyar eMMC, irin mai tafiyar hawainiya. Mai kwatanta waya biyu ya kwatanta lambar farko kawai.

Yanzu ga ƙorafin da ya fi yawa: "Na yi afdet waya ta lalace." Sau da yawa ba manhajar ba ce, yadda aka yi ta ne. Babbar afdet kan kai gigabait 2 zuwa 5, gyaran tsaro kuma 'yan ɗaruruwan megabait. A bar sarari a ma'ajiya da ya ninka girman afdet ɗin, a tabbata caji ya haura kashi 50, a sauke ta inda sabis ke da ƙarfi, da dare ya fi, don data ta fi araha kuma gari ya yi sanyi. Kafin a taɓa komai a adana WhatsApp a Google Drive, a kuma tabbatar an san adireshin Gmail da kalmar sirrinsa. Wannan na ƙarshe shi ke kayar da mutane. Wani ne ya buɗe musu asusun ranar saye, ba su rubuta ba, idan aka yi wa wayar filashin sai ta tsaya tana neman asusun, ba gaba ba baya. Kada a kashe waya tana tsakiyar girka manhaja, ko ta yi minti ashirin a kan tambarin kamfani. Bayan ta gama za ta yi ɗumi, batir ya riƙa sauka da sauri na kwana ɗaya zuwa uku, saboda tana sake jera manhajoji da hotuna. A ba ta lokaci.

In ta wuce mako tana haka, a duba batir. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na ƙasa da ita an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, kuma zafin da ya haura digiri 35 na rage masa ƙarfi dindindin. Mu kuwa nan a watan Afrilu muna haura 40 a inuwa, ga waya a jibge da 'yan uwanta a teburin mai caji, janareta na huci a gefe. Batirin da ya gaji ne afdet ke tona wa asiri. Masu Samsung su kunna Battery protection, wadda ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85 gwargwadon sigar wayar, kuma a cire riga lokacin caji.

Sikirin ɗin canji ma na da nasa. A 2018 iOS 11.3 ta sa wasu iPhone 8 masu sikirin da ba na asali ba suka daina jin taɓi, sai da 11.3.1 ta gyara. Don haka wanda aka sa wa sikirin mai araha ya jira mako ɗaya ko biyu bayan fitowar babbar afdet, ya ji labarin waɗanda suka riga shi.

Mai sayen ta hannu ya yi wannan binciken a gaban mai shago. Ya danna *#06# ya gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta kwali in akwai. A Android ya shiga About phone ko Software information ya karanta ranar gyaran tsaro na ƙarshe. In ta haura shekara, ya nemi afdet a take, in wayar ta ce babu, to kamfani ya sallame ta, sai a rage kuɗi. A iPhone ya shiga General, sai About, inda tun iOS 15.2 ake nuna sassan da aka canza, ya kuma tabbata tsohon mai ita ya fita daga iCloud, wato asusunsa na Apple. Wayoyin da aka ƙera don kasuwar Sin, da Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019, galibi ba sa zuwa da manhajojin Google, wato ƙofa ta biyu na iya zama a rufe, ko an yi dabarar cusa Play Store.

Muna kira ga 'yan uwanmu masu shaguna su riƙa rubuta shekarar fitowar kowace waya da shekarar da afdet ɗinta zai ƙare a jikin takardar farashi, kusa da ram da girman ma'ajiya.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu gyara da sayar da waya,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.