Rahoton Ayyukan Shekara: Zamanmu a Kan Masanan Amurka na Farko

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai.

Kamar yadda babban taro ya amince bara, zaman karatunmu na wata-wata a bana ya tafi ne a kan masanan Amurka na farko a fannin falsafa, ilimin halayyar ɗan Adam da koyarwa. Mun fara da Horace Mann, wanda ya zama sakataren hukumar ilimi ta jihar Massachusetts a 1837, ya yi ta fafutukar a buɗe wa kowane yaro makarantar gwamnati. Zama ɗaya ya ishe shi. Shi ma William James ba mu daɗe a kansa ba, duk da cewa bayaninsa kan yadda mutum ke sabawa da ɗabi'a a littafinsa na 1890 kan ilimin halayyar ɗan Adam ya shiga ran malaman firamare.

John Dewey ne ya cinye mana lokaci. A makarantar gwaji da ya buɗe a Jami'ar Chicago a 1896, yara kan koyi lissafi wajen auna kayan girki, su kuma yi kafinta da saƙa. Wata malama daga cikinmu ta gwada: ta shiga aji da mudu da gwangwani da gero, yara suka gane rabi da kwata da hannunsu. Wani dattijonmu ya ce to madalla, amma a ajin da yara suka cika har bakin ƙofa, wa zai riƙa sayen geron? Har muka tashi ba a ba shi amsa ba, kuma a ganina yana da gaskiya.

An yi zazzafar muhawara kan Booker T. Washington, wanda ya soma makarantar Tuskegee ta baƙar fatar Amurka a 1881 yana fifita koyon sana'a, da W.E.B. Du Bois, mai cewa baƙar fata ma sun cancanci ilimi mai zurfi. Zancen ya shafe mu, domin kwamitin Phelps-Stokes na Amurka, da ya zagayo Afirka ta Yamma a 1920 don nazarin harkar ilimi, ra'ayin Tuskegee ya zo da shi. Du Bois kuwa a Accra ya rasu a 1963.

Malamai mata ne suka nace a saka Mary Calkins, wadda Harvard ta hana digirin dakta don kawai mace ce, amma ta shugabanci ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka a 1905.

Masanin falsafa Charles Peirce bai samu shiga ba, sai baɗi in Allah ya kai mu. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah su ga ma'aji kafin babban taro, don da shi ake buga takardun karatu.

Sakataren ƙungiya