Amsa Ga Mai Tambaya Kan Hayar Cibiyar Jama'a

Assalamu alaikum Malam,

A taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi ka miƙe ka tambaye ni: tun da ɗakin karatu, da ƙungiyar matasa, da wurin renon yara, da masu shaguna duk suna biyan haya a cibiyar jama'a, me ya sa har yanzu ƙaramar hukuma ke zuba kuɗin haraji a ginin? Tambayar ta cancanci amsa cikakkiya, kuma lokaci bai ba ni dama ba a ranar.

Gini yana cin kuɗi ta fuska biyu. Akwai na yau da gobe: wuta, ruwa, shara, albashin mai gadi, inshora. Wannan kowa na ganinsa. Akwai kuma wanda ke taruwa a ɓoye, wato rufin da ke tsufa, wayoyin lantarki, bututun ruwa. Rufi ba ya neman ko kwabo shekara da shekaru, sai rana ɗaya ya nemi abin da hayar shekara guda ba za ta biya ba. A 1990 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa ware kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na abin da sake gina gini zai ci, duk shekara, don kula da gine-ginen gwamnati da gyaransu. Hukumar da ba ta da asusun ajiya na gyara, ranar da rufi ya fara yoyo sai dai ta ci bashi ko ta tsakuro daga wani aikin.

Inda na yarda da kai shi ne takardun hayar. Idan an yanka wa ɗan haya kuɗi dunƙule, aka haɗa masa wuta da ruwa a ciki, aka sa hannu na shekara goma ba tare da sharaɗin sake duba farashi ba, to duk tashin da kaya suka yi mai biyan haraji ne ke ɗauka, bai ma sani ba. Wannan yana damuna ƙwarai. Ya kamata kowace yarjejeniya ta fayyace wa ke gyara me, a raba kuɗin harabar da ake tarayya gwargwadon faɗin wurin kowa: wanda ya riƙe kashi ɗaya cikin biyar na ginin ya biya kashi ɗaya cikin biyar. A kuma bambanta ranakun ƙarewar yarjejeniyoyin, kada duk su kammala a shekara ɗaya ginin ya zama kufai.

Amma ba zan goyi bayan a ɗora wa ɗakin karatu hayar kasuwa ba. Mai shago riba yake nema, ya biya cikakken farashi. Ƙungiyar da ke koyar da yara kyauta kuwa, rangwamen da aka yi mata tallafi ne, kuma ni ina son tallafin. Abin da nake ƙi shi ne ɓoye shi. A rubuta hayar gaskiya a layi ɗaya, a rubuta rangwamen a layi na biyu, kansiloli su kaɗa masa ƙuri'a a bainar jama'a kowace shekara.

A zaman kwamitin kuɗi mai zuwa zan nemi a buɗe asusun gyara na daban, a kuma kawo dukan takardun hayar a duba su ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙonka ka zo, ka sake yin tambayarka a gabansu.

Wassalam.