Tsakanin kunun zaki da giya, 'yan kwanaki ne kawai

Ya mai girma Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwa mata da matasan da suka shiga sana'ar haɗa kunun zaki da lemon citta a gida, musamman sababbin hannu waɗanda suke koyon abin ta waya. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma wani abu da ya faru a gidana da bazarar da ta wuce shi ya sa na ɗauki alƙalami.

'Yata ta biyu, wadda take jiran sakamakon jarrabawa, ta ga wani bidiyo a YouTube inda wata Ba'amurkiya take koyar da yadda ake haɗa lemon citta mai gas ba tare da inji ba. Ta gurza citta a kwalba, ta zuba sukari da ruwa, tana ƙara cokali guda na kowanne kullum har kwana biyar, sai abin ya fara kumfa. Daga nan ta juye shi cikin ruwan citta mai zaƙi, ta ɗura a robobi shida, ta ɗaure murafen tamau, ta ajiye a ɗakin girki. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, muka ji wata ƙara kamar an fasa tayar babur. Da na haska fitila sai na tarar roba ɗaya ta tsage daga wuya har gindi, ruwan ya wanke bango, sauran biyar kuma sun kumbura sun yi tauri kamar dutse. Warin da ya cika ɗakin ne ya fi tayar mini da hankali, domin duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan gidan burukutu ba zai kasa gane shi ba. Yarinyar nan giya ta haɗa da hannunta, alhali a zatonta lemo take yi.

Ban ga laifinta ba, domin a ƙasar da bidiyon ya fito haɗa giya a gida ba abin mamaki ba ne. Tun shekarar 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutane haɗa giyar sha a gidajensu, kuma masu koyo a can sukan fara da 'yar kwalba mai cin lita huɗu. Mai irin wannan bidiyo ba ta ganin dalilin tsayawa ta yi gargaɗi a kan 'yar barasar da za ta samu a cikin lemonta. Mu kuwa a nan, wannan 'yar barasar ita ce maganar gaba ɗaya.

Abin da ya kamata mai koyo ya sani shi ne, hanyar giya da hanyar kunun zaki tare suke tashi. Mai burukutu takan jiƙa dawa, ta shanya ta a inuwa ta lulluɓe tana yayyafa ruwa har kwana huɗu ko biyar ta tsira, sannan ta busar a rana ta niƙa. Amfanin tsiron shi ne yana ɗauke da wani sinadari da yake narkar da sitacin hatsi ya mayar da shi sukari. Wannan dabarar ce dai iyayenmu mata suke yi idan sun raba gasara biyu, suka dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa, suka bari ya ɗan huce, sannan suka zuba ɗanyen kason da aka markaɗa da tsiron shinkafa ko busasshen dankali. Kafin gari ya waye kunun da ya yi kauri ya tsinke, ya yi zaƙi ko ba a sa sukari ba. Har manyan kamfanoni ma da wannan suke aiki, domin lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawar manomanmu ce ta koma abin dogaro ga masu yin giya da masu yin lemon malt baki ɗaya.

Inda hanyar ta rabu shi ne abin da ake yi da ruwan zaƙin. Mai kunu takan tace ta sayar a ranar. Mai burukutu kuwa takan dafa nata, ta bari ya huce, ta zuba masa ragowar tsohuwar giya, ta ba shi kamar kwana biyu. A cikin wannan ragowa akwai yis, wato irin ƙwayar halittar da ke sa ƙullin burodi da na fanke su tashi. Aikin yis shi ne ya ci sukari ya fitar da abu biyu, barasa da iskar gas. Don haka kumfar da 'yata ta yi ta murna da ita shaida ce cewa barasa tana taruwa, domin ɗaya ba ya samuwa sai da ɗayan. Kuma ba sai an sayo yis an zuba ba. Yana nan a bawon citta, a jikin hatsi, a tsagin tsohuwar ƙwarya da bakin jarkar da ba a wanke da kyau ba. A zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, ga kuma rashin wutar da za ta riƙe firij, abin da zai ɗauki mako a ƙasar sanyi yana iya faruwa cikin kwana biyu.

Kada a fahimce ni da cewa ina haramta kunun zaki, ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma da shi nake buɗa baki duk azumi. Ɗan tsamin da kunu yake yi idan ya kwana aikin wasu ƙwayoyin ne daban, irin waɗanda suke mayar da madara nono. Sai dai ina ganin addininmu ya riga ya ba mu ma'auni mai kyau. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a shayar ko a zubar. Haka nan da Abu Musa al-Ash'ari ya tambaye shi game da abin shan mutanen Yaman da ake yi da zuma da wanda ake yi da hatsi, amsar ita ce duk abin da ke sa maye haramun ne. Ke nan ƙidayar kwanaki tsohuwar koyarwa ce.

Shawarata ga mai farawa ita ce ta haɗa kaɗan, mudu ɗaya ko rabi, gwargwadon abin da za ta iya sayarwa daga safe zuwa magariba, ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba. Kwantai shi ne babban haɗari, domin wadda ta haɗa mudu biyar ta sayar da uku ba za ta so zubar da jarinta ba, sai ta ƙara sukari don ta danne tsamin, alhali abinci ta ƙara wa yis. Ta wanke robobi da ruwan zafi da sabulu, kada ta ɗura sabon kunu a kan ragowar na jiya. Idan ta matsa roba ta ji ta yi tauri, ko ta buɗe murfi ta ji ya yi tsaki, ko abin ya fara cizon harshe, to ya tashi daga kunu. Mai yin tsiro da kanta kuma ta murje saiwoyin da 'yan ganyen ta sheƙe su bayan ya bushe, musamman na dawa, domin akwai guba a cikinsu, irin wadda take kayar da shanu idan sun ci gyauron dawa. Hatsin da ya yi funfuna wajen tsirowa kuwa zubarwa ake yi.

Ina kira ga hukumar NAFDAC da sassan lafiya na ƙananan hukumomi da su shirya wa masu wannan ƙaramar sana'a bita da Hausa a rediyo, malaman Islamiyyun matan aure kuma su sa batun a darasin tsarki da abinci. 'Yata dai ta koma dafa cittarta da kanumfari da masoro, lita biyar kacal take yi, ta sa a kula da ƙanƙara, abin da ya rage bayan isha'i kuma ƙannenta ne suke shanyewa.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin kimiyya daga Zariya