Wasiƙa daga Katsina, kan jirgin da kake son kawowa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Amurka? Mu nan hazo ya rufe gari, yau da safe daga bakin garejina ko hasumiyar Gobarau ba a hangowa.

Hoton ya iso. Yaran gareji sun yi ta karɓar wayar suna kallonka cikin wannan ɗan jirgi, har wani ya ce ai Keke Napep ce aka yi wa fiffike. Na ce masa Tecnam P92 ke nan, ƙirar Italiya, kujera biyu. Ni kuwa ka san ni, injin na tsaya a kai. Rotax 912 na ƙasar Ostiriya, silinda huɗu, ƙarfin doki 100, kuma wai man mota yake sha, bai cika lita 20 a awa guda ba. Wallahi da na ga haka sai da hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Amma batun ka sa shi a kwantena ka kawo Katsina, ka ɗan dakata. Ba takardun NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, nake ji maka ba, su da haƙuri za su fito. Mai nake ji. Shekara nawa ina kwance kafireto saboda man 'yan bumburutu? Mota in ta shaƙe sai ka gangara gefen titi ka kira ni. To a sama ina gefen titin? Sannan ga hazo. Irin wannan jirgi da ido ake tuƙa shi, sai kana ganin ƙasa, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu manyan jirage ma wata rana sai sun fasa sauka a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wato daidai lokacin da kake zuwa hutu, lokacin ne zai kwana a rumfa yana shan ƙura. Dokin folo ne fa, ko ka hau ko ba ka hau ba sai ya ci, kuma shi barga ɗaya ce tak za ta karɓe shi.

Wani abin dariya, ka ce dokar ƙananan jirage da aka kafa can Amurka a 2004 ta tsayar da nauyinsa a kilo 600, har da mai da mutanen ciki. Na lissafa tumbinka da nawa, ina ganin sai dai mu tashi da rabin tanki.

Kada ka ce na kashe maka gwiwa. Tun muna samari, da muka ji ana harhaɗa Air Beetle a Kaduna don koyar da sojojin sama, nake kwaɗayin hawa ƙaramin jirgi. Daura kilomita 80 ce ko kusa da haka, ba za mu yi rabin awa ba. Ina so in ga dam ɗin Ajiwa daga sama, da gonakin gero a watan Agusta. In da gaske kake, ka fara biyawa Zariya, kwalejin koyon tuƙin jirgi, ka ji yadda suke samun mai da wanda ke duba musu injuna.

Kafin nan ka turo min littafin gyaran injin, ko a waya ne, in riƙa dubawa bayan isha'i. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ita ko kyauta ba ta shiga. Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
abokinka na Ƙofar Ƙaura