Zuwa ga Yaya, a karanta wa Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Ya gida ya zafi? Na san yanzu Garwa sai haƙuri tunda watan huɗu ya kama. Ni lafiyata lau a nan Faransa alhamdulillahi. Na kira ka sau uku shekaranjiya ba ta shiga ba, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma don Allah ka karanta wa Inna duka kar ka tsallake ko layi ɗaya.

Maganar da Goggo take yawo da ita ta iso ni. Wai na sayi keken miliyan biyu, wai na bar aiki na koma wasa, wai an gan ni a Facebook da matsattsun kaya kamar ba ɗan musulmi ba shi ya sa kuɗin watan jiya ya ragu. Yaya wallahi raina ya ɓaci, ranar ko abinci ban iya ci ba. Keken nan kwance ne, wurin wani tsoho na saye shi yuro 120, ko dubu 80 bai cika ba a kuɗinmu na sefa, kuma shi nake hawa zuwa aiki, kuɗin bas da nake biya duk wata ya huta. Kuɗin watan jiya kuwa haya ce ta cinye, an ƙara mana, ban faɗa ba ne don kar hankalin Inna ya tashi. Kallon kitse ake yi wa rogo kawai.

Abin da ake ciki shi ne, akwai wata gasa da suke ce wa triyatlon, abu uku ne a jere ba hutu: iyo, keke, sannan gudu. Irin wanda aka yi a Olamfik na Pari a 2024 da suka faɗa kogin Sen, har wata 'yar Faransa Cassandre Beaugrand ta ci zinare. Nasu mita 1500 ne a ruwa, kilomita 40 a keke, 10 a ƙafa. Nawa rabin wannan ne, na 'yan koyo: mita 750, kilomita 20, sai gudun kilomita 5. Keken ka ɗauka kamar daga gida zuwa Pitowa da ɗan ƙari. Ba a biyan mu ko dala, mu ne ma muke biyan kuɗin rajista, to duk wanda ya ce na zama ɗan wasa mai kuɗi ka ce masa ya zo ya karɓi rabonsa.

Likita ne mafarin abin. Da na je awo ya ce sukarina ya fara hawa kaɗan, ba wani abu ba ne, kar ka ƙara masa gishiri wurin Inna, ya ce dai in riƙa motsa jiki. Kuma ka san zaman nan, daga aiki sai ɗaki, lokacin sanyi ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi, mutum sai tunani. Wani abokin aikina ɗan Senegal shi ya ja ni.

Iyon ne ya fi ba ni wuya. Ka tuna yadda Inna take zane mu in ta ji mun je kogin Binuwai? Ai shi ya sa ban taɓa iyawa ba sai ɗan fantsal-fantsal a bakin gaɓa. Ranar farko a pisin, wato kwamin iyo, tsawonsa mita 25 ne kacal, ban kai ƙarshe ba na kama igiya ina haki, ga wata tsohuwa da ta girmi Inna tana wuce ni tana dawowa, kunya kamar in nutse. Ashe sirrin numfashi ne, fuskarka na cikin ruwa kake fitar da iska, in ka juyo kai gefe sai ka shaƙa, ni kuwa da riƙe numfashin nake yi sai na ji ƙirjina zai fashe. Na sha ruwan pisin nan ya fi tulu guda. Amma yau wata huɗu, mita 750 ɗin sau 30 ne daga wannan bango zuwa wancan, makon jiya na yi 26 ban tsaya ba. Ni ɗin nan fa Yaya! Gemu dai ba ya hana ilimi.

Baƙar rigar da aka gani a hoto ta roba ce, aro ma na yi. A tafki za a yi gasar a bayan garin Liyon, ruwan da sanyi, in ya yi ƙasa da digiri 16 ma dole ne kowa ya sa ta, kuma tana taimaka wa mutum ya taso sama. Ta rufe ni daga wuya har idon sawu, to ina tsiraicin yake? Ka gaya wa Inna akwai masu ceto a ƙananan jirage suna bin mu, ba dorina ba kada, in ka gaji ka ɗaga hannu su zo. Kuma ba a barin ka ko taɓa keke sai ka ɗaure hular kwano.

Sau biyu nake iyo a mako, keke dama kullum ne, gudu sau biyu a bakin kogin Ron. Ranar lahadi nake haɗa keke da gudu, don in ka sauka daga keke ƙafafu sai su zama kamar an ɗaura musu buhun gero, sai an saba musu. Gwiwata ta ɗan yi ciwo amma ta bari.

Wani lokacin ina cikin ruwan nan mai tsabta da har ɗumama shi ake yi, sai in tuna ku kuna jiran famfo ya kawo da tsakar dare, sai in ji duk abin ya fita raina. Har na yi niyyar fasawa in turo kuɗin rajistar, aka ce ba a mayarwa.

To ga maganar kuɗi, ka natsu. Na turo yuro 200 ta Orange Money ɗinka, dubu 131 ne da 'yan canji. Dubu 40 na maganin hawan jinin Inna ne da awonta, ka je farmasi da kanka, kar ka ba ta kuɗin a hannu don ka san halinta rabar da shi za ta yi. Dubu 50 a sayi kwano a gyara rufin ɗakinta kafin ruwa ya sauka, bara ma haka muka yi ta cewa gobe har damina ta same mu. Dubu 35 na darasin yamman Auta ne, jarrabawar BEPC saura wata biyu ko ƙasa, ka kai wa malamin hannu da hannu. Ragowar a saya wa yara wani abu. Goggo kuma ko ta zo da kuka kar a taɓa kuɗin kwano, na sake faɗa, kar a taɓa kuɗin kwano. Nata zan duba ƙarshen wata duk da abin da ta yi mini.

Auta kuma na ji wai yana karɓar moton abokinsa, wato babur, yana ɗaukar fasinja da dare, har da zuwa wanka gindin gada. Ka ja masa kunne sosai. Kar ya ce ai ni ma iyo nake yi, ni da malami nake koya, kuma shi ya san dorinar da ke wurin. In bai ci jarrabawar nan ba ya manta da maganar waya.

Ragon layya mu yi magana wata mai zuwa, ka fara tambayo farashi tun bai tashi ba.

Gasar wata lahadi ce cikin watan shida, zan gaya maka ranar, Inna ta sa ni a addu'a, ba na farko nake nema ba in dai na gama da ƙafata. In ka ji mai tahowa a ba shi kilishi da ɗan yaji. Ka turo mini hoton rasit ɗin farmasi da na kwanon. A gaishe da matarka da yara da Baffa.

Ƙaninka